Ni da Baba a Cikin Karafan Jasim

Tun da na dawo ban sha shayin karak cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin da muke haɗuwa bayan sallar Juma'a a unguwar Matar Kadim da ke Doha, sai a zagaye ni. Danladi, mai gadi a filin jirgi, shi labarin ƙanƙara yake so. Malam Habu direban tasi kuwa tambayarsa ɗaya ce: yaya aka yi mutum mai hankali ya taka Turai da biza a fasfonsa, sannan ya dawo Doha da ƙafarsa? Na ba da labarin har bakina ya gaji, kowa kuma in ya tafi sai ya ƙara nasa gishirin. Shekaranjiya na ji wai ni na yi dambe da damisa a kan dutse. To ga shi na rubuta yadda abin ya faru, wanda ya sake tambayata in tura masa a waya.

Sunana Isiyaku, mutumin Zariya ne ni. Shekara takwas na yi ina tuƙa bas tsakanin Zariya da Legas kafin in zo nan, yanzu kuma shekarata shida ina tuƙa wani dattijo ɗan ƙasar nan. Shi ne kafil ɗina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana da aikina a ƙasar. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama, kamar yadda duk masu aikin gida suke yi. Ya haura saba'in, yana da ciwon suga, kullum da safe sai an yi masa allura. Babban ɗansa Jasim ya yi karatu a Ingila, ya dawo da wata cuta wadda ba ta jin magani: duk abin da Bature ya yi yana gumi, shi a wurinsa wayewa ce.

Bana da zafi ya tsananta, korona ta lafa, aka buɗe hanyoyi. Shekara biyu gidan ba su fita ko'ina ba. Ga garin duk an haƙe shi saboda gasar cin kofin duniya, titin da ka bi jiya yau an rufe shi. Sai aka ce za a tafi Jamus a huta. Nan Jasim ya kawo tasa shawarar: maimakon zaman otal, a yi hayar karafan, wato mota mai ɗaki a ciki, a zaga duwatsu da kwaruruka da tsofaffin gidajen sarakuna. Mama ta kalli hoton motar a wayarsa sau ɗaya, ta ce ita da 'yan matanta suna otal a Munich, duk wanda ya gama haukarsa ya same su a can. A duk tafiyar nan ban ga wanda ya kai ta hankali ba. Baba kuwa likita ya daɗe yana ce masa ya riƙa tattaki, da wannan Jasim ya kama shi. Ni ba a tambaye ni ba. An dai ce in kawo fasfo.

Su 'yan gida takardunsu ba su ɗauki lokaci ba. Ni mai koren fasfo sau uku na je ofishin biza: a kawo wasiƙar kafil, a kawo shaidar allurar korona, a kawo hoton da kunnuwa biyu suka fito. Wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko ina da niyyar dawowa. Na ce mata ko ina da niyyar tafiya ma ba wanda ya tambaye ni.

Muka sauka Munich, muka kai su Mama otal, washegari mu uku muka je karɓar motar. Girmanta kamar bas ɗin makaranta. A ciki akwai gado ɗaya a baya, na Baba, da teburin da ake naɗewa ya zama gado, na Jasim, sai wani rami a saman kan direba wanda in ka shiga ba ka iya zama, sai dai ka kwanta kamar an sa ka a kabari. Wannan nawa ne. Banɗakin kuwa in za ka wanke ƙafa wajen alwala dole ka buɗe ƙofa, gwiwarka ta fito waje. Mai ba da hayar ya yi kusan awa guda yana bayanin gas da tankin ruwa da yadda ake zubar da na banɗaki. Jasim yana gyaɗa kai yana ɗaukar kansa hoto. Ko kalma ɗaya bai riƙe ba.

Baba ya hau, ya zauna a bakin gadonsa, ya ɗaga kai ya kalli rufin da ya kusa taɓa rawaninsa.

"Isiyaku," ya ce, "a tanti aka haife ni. Mahaifina ya yi shekara ashirin yana roƙon Allah ya ba shi gida mai bango da ƙofa. Yau ɗana ya sa ni a jirgi awa shida don ya mayar da ni tanti, sai dai wannan mai taya ne."

Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, Baba."

Tun daga wannan lokacin ni da shi muka zama jam'iyya ɗaya. Ba ma magana a gaban Jasim, sai dai in ya yi wata sabuwar wauta mu haɗa ido ta madubi.

Jasim ya ce shi zai tuƙa, don tafiya irin wannan ba ta direba ba ce, ta 'yanci ce. 'Yancin bai kai minti ashirin ba. A wani ƙaramin ƙauye taswirar wayarsa ta nuna masa wani lungu tsakanin coci da gidan burodi. Na ce, "Mudir," wato oga, "ba za mu shige ba." Ya ce waya ta fi ni sanin Jamus. Sai ji muka yi ƙas, madubin dama ya naɗe ya tsage. Wata tsohuwa ta fito daga gidan burodin, ta tsaya ta harɗe hannu tana kallonmu. Wallahi da zagi ta yi da ya fi sauƙi. Jasim ya sauko ya miƙa mini makulli, ya ce dama yana son ya samu damar ɗaukar hoto.

Gidan sarki na farko da muka je a kan wani tudu yake. Ba a shiga sai an yanki tikiti mai lokaci, in ka makara minti biyar an wuce da kai. Muka hau da ƙafa, Baba yana haki, muka tarar da layi kamar na shan mai. Da aka shiga kuma me aka gani? Ɗakuna masu sanyi da duhu, kujerun da aka ɗaure da igiya don kada a zauna, gadon sarki gajere kamar na yaro, da hotunan mutane masu dogon hanci da ba wanda ya yi murmushi a cikinsu. Mai yi mana bayani ta nuna wani rami a jikin bango da ya leƙa kwari, ta ce nan ne banɗakin mai gidan. Turawa suka yi ta ɗaukar ramin hoto. Na tuna ganuwar Zazzau da muke wucewa kullum, awaki suna hawa, ba wanda ya taɓa yanka wa akuya tikiti. Baba ya tambaye ni a hankali ko akwai wanda yake zaune a gidan yanzu. Na ce babu. Ya ce, "To su ma masu shi sun gudu, mu me muka zo yi?"

Daga nan muka nufi Ostiriya. Na shirya fasfo da takardar korona a aljihun gaba, ina jiran shinge. Muka yi ta tafiya, sai Jasim ya ce ai mun shiga tun ɗazu. Allo ɗaya ne kawai a gefen titi. Ni da na san hanyar Jibiya zuwa Maradi, inda kafin ka tsallaka sai ka gaisa da kaki kala huɗu, abin ya ba ni haushi. Ƙasa ba ta da ƙofa, amma kwandon shara yana da makulli.

Maganar shara kuwa sai da muka isa sansanin da ake ajiye karafan na gane ta. Fili ne a bakin tafki, an yanka shi gida-gida kamar makabarta, kowace mota da lambarta. Mai kula da wurin wata mata ce doguwa mai gajeren gashi, da tarin makullai a ƙugu. Ta miƙa mana takardar dokoki shafi biyu. Daga sha biyun rana zuwa ƙarfe biyu ba a magana da ƙarfi. Ba a tayar da mota. Shara kuma kwando biyar ne, kowane da launinsa. Rana ta biyu na jefa ganyen shayin nan mai zare da Baba ya sha a kwandon takarda. Ban kai ga mota ba ta kira ni da yatsa. Ta sa na zura hannu na ciro shi, ta nuna mini cewa ganyen na wancan kwandon ne, 'yar takardar da ke jikin zaren kuma ta wannan ce. Ni Isiyaku, mai 'ya'ya uku, ina tsaye ina yi wa ganyen shayi fiɗa.

Baba ma bai tsira ba. Ya saba bayan azahar ya kira abokansa na majalisa a waya, kuma in yana waya ana jin sa daga ƙofar gida. Maƙwabcinmu, wani mai jan fuska da yake tura karensa a keken jarirai, ya zo ya ƙwanƙwasa ya nuna agogo. Baba ya ce in tambaye shi wa ya rasu. Na ce ba kowa, doka ce. Ya ce, "Mutum yana da tafki da ciyawa da iska mai sanyi, abin da ya ga ya dace ya yi da su shi ne ya yi shiru?"

Abinci kuwa ba a magana. Duk abin da ka nuna a kanti sai a ce da alade a ciki. Muka koma burodi mai tauri da za ka iya jifan ɓarawo da shi, da cuku mai warin takalmin ɗan ƙwallo. Ranar Lahadi muka fita sayayya muka tarar gari kaf a rufe, har kantin magani, ba kowa a titi sai masu keke. Da ba don Mama ta cusa mini shinkafa da kayan ƙamshin majbus, dafa-dukar Larabawa, a jaka ba, ni kuma na taho da yajina na gida, da yunwa ta kashe mu a tsakiyar arzikin Turai. Na ɗora tukunya, ina soya albasa, sai wata 'yar na'ura a rufin motar ta fara ihu saboda hayaƙi. Mai makullai ta taho da gudu. Ta ga tukunya, ta shaƙi ƙamshi, na ga maƙogwaronta ya motsa. Na zuba mata a faranti. Ta karɓa ta ce na gode, sannan ta nuna mini doka ta goma sha wani abu da ta hana girki taga a rufe.

A rana ta biyar, mun tsallaka arewacin Italiya, wata jar fitila ta kama a banɗaki, wari kuma ya fara gaya mana ma'anarta. Jasim ya ce zai je ya duba faɗuwar rana. Baba ya ɗauki carbi ya juya baya. Na zaga gefen mota na buɗe wata 'yar ƙofa, na jawo akwatin roba mai taya da hannun ja, irin jakar matafiya, cike da abin da mu uku muka tara. Na ja shi zuwa inda ake zubarwa a sansanin da muka tsaya, na tarar da layi. Manyan mutane, wasu da furfura, masu motoci na alfarma, kowa riƙe da akwatin kashinsa, suna gaisawa suna maganar yanayi. Wannan shi ne hutun da Jasim ya gani a waya ya kasa barci.

Da layi ya zo kaina na kasa buɗe murfin. Ina kokawa da shi ina cewa "wannan wace irin masifa ce," sai na ji an ce a bayana, "Massa, danna koren nan tukuna, in ba haka ba zai wanke maka fuska."

Na juya. Baƙin mutum ne siriri da rigar aiki da tsintsiya a hannu. Sunansa Awudu, ɗan zangon Kumasi, Hausarsa irin tasu ta Gana, mace ma "ya zo" yake ce mata. Kwana biyar ban ji Hausa ba, na ji kamar in rungume shi, sai dai hannuna ba na runguma ba ne. Ya nuna mini yadda ake yi, muka wanke hannu, muka zauna a bayan ɗakin wanki ya ba ni tuffa. Ta Libiya ya bi, ta ruwa. Shekara bakwai yana nan, da rani yana wanke banɗakunan sansani, da kaka yana tsinkar tuffa. Takardarsa ba ta fito ba har yanzu. Mahaifiyarsa ta rasu lokacin korona, a waya ya ga jana'izar.

Na gaya masa abokaina a Doha sun ce in na ga hanya in sulale.

Ya yi dariya. "Ka sulale ka zo ina? Kai kana zubar da na mutum uku. Ni na mutum ɗari uku nake wankewa. Massa, koma inda kake da takarda."

Malam Habu, ga amsar tambayarka nan.

Iyaka ɗaya ce aka tsayar da mu, wajen shiga Suwizalan. Jami'in ya karɓi fasfo uku. Biyu ya buɗe ya rufe. Nawa ya tafi da shi cikin ofis, ya yi minti goma sha biyar, ya dawo ya haska fuskata da ido, ya tambayi Jasim ko ni nasa ne. Baba bai jin Turanci amma ya gane. Ya leƙo ta taga ya ce da Larabci, "Gaya masa mu ne nasa, in ya sauka a nan za mu kwana." Jasim bai fassara ba.

Hanyoyin can kam na yarda sun gwada ni. Titi ya naɗe kamar maciji, gefe ɗaya dutse, gefe ɗaya rami wanda ba ka ganin ƙarshensa, ga shanu da ƙararrawa a wuya suna tsallakawa yadda suka ga dama. Dutsen kuwa ana kallo, ba zan yi ƙarya ba, akwai ƙanƙara a samansa kamar an zuba gari. Danladi, iyakar labarin ƙanƙara ke nan. Abin da ban gane ba shi ne hawansa. A gida mutum yana hawa dutsen Kufena in akuyarsa ta ɓata ko yana neman itace. A can kuwa samari majiya ƙarfi da tsofaffi kowa ya ɗauki sanda biyu kamar mai ciwon ƙafa, ya hau tun safe, in ya kai sama ya ci burodi ya sauko. Ba abin da ya je ɗaukowa.

Rana ta tara Jasim ya ce mu ma za mu hau. Wai akwai wani ƙaramin tafki a sama, tafiyar awa ɗaya, ko yaro zai iya. Na yi wa Baba allurarsa da safe, ya ci burodi kaɗan ya ture sauran, don ya gaji da shi. Ina da 'yar jakar da ba na rabuwa da ita in zan fita da Baba: dabino, lemon kwali biyu, da na'urar auna suga. Jasim ya ce jaka ɗaya ta baya za a ɗauka, in kawo ya shirya. Na ba shi, na fita cika tankin ruwa. Da na dawo ya miƙa mini jakar a zuge, na goya. Ban buɗe ba. Wannan laifina ne.

Muka shiga wani akwatin gilashi da ake ja da waya ta sama, Baba ya rufe ido yana salati har muka sauka. Sannan aka fara tafiya. Awa ɗayar Bature daban take da ta dattijon da ya saba daga mota sai masallaci. Muka wuce wata bukkar katako ta makiyaya, muka ci gaba. Jasim ya zaro ƙaramin jirginsa na ɗaukar hoto daga jakar da ke bayana, ya ce zai yi gaba kafin gajimare ya rufe, mu taho a hankali. Ya sha kwana ya ɓace.

Ba a fi minti ashirin ba na ga Baba yana tangaɗi. Ya zauna a kan dutse, gumi yana zuba a fuskarsa duk da sanyin da ake yi, hannunsa yana rawa. Ya kira ni da sunan ƙaninsa da ya rasu tuntuni. Na san wannan alamar, suga ne ya faɗi. Na sauke jaka na buɗe aljihun da na san dabinon yake. Batura. Na buɗe ɗayan. Batura da wayoyin caji. Na zazzage jakar gaba ɗaya a ƙasa a gaban Baba: ba dabino, ba lemo, sai na'urar awo da kayan jirgin Jasim. Baba ya kalli baturan, ya kalle ni, ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya zame ya faɗi a kan hannunsa.

Na kira Jasim, waya ba sabis. Na ƙwala masa kira, dutse ya dawo mini da muryata. Na bar jakar a nan, na durƙusa na goya Baba, na juya zuwa bukkar da muka wuce. Mutum ne mai jiki, ga gangara, ga tsakuwa tana zamewa. Kansa yana kan kafaɗata, numfashinsa yana huci a kunnena, ina ce masa, "Baba, yi magana, Baba, faɗi sunan jikokinka." Tun yana amsawa har ya daina. Ban san addu'o'in da na karanta ba.

Ban kai bukkar ba na ci karo da wata tsohuwa mai sanda biyu, irin waɗanda na yi kwana tara ina yi wa dariya. Ta girmi Mama nesa. Na ce mata "suga, suga," ina nuna bakinsa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta jefar da sandunan, ta sa na kwantar da shi a gefe, ta ciro wata 'yar leda mai ruwan zaƙi ta matsa masa a cikin kunci tana shafa masa maƙogwaro. Ta cire rigar sanyinta ta rufe shi. Wayarta ta kama, ta yi magana kaɗan. Bayan wani lokaci Baba ya buɗe ido, ya kalle ta, ya ce da ni, "Wace ce wannan?" Na zauna a ƙasa na fashe da kuka kamar yaro. Jirgi mai saukar ungulu ya zo ya ɗauke shi. Tsohuwar ta ɗauki sandunanta, ta dafa kafaɗata, ta ci gaba da hawanta. Ko sunanta ban sani ba. Raina bai canza a kan hawan dutse ba, amma a kan masu sanda biyu na yi shiru.

Jasim ya sauko bayan jirgin da ya ɗauki Baba ya tashi, yana tambayata me ya sa na bar kayansa a ƙasa.

Washegari da hantsi Mama ta iso asibitin daga Munich. An ɗaure wa Baba hannu, ya samu tsagewar ƙashi, an sa masa ruwa, idonsa a rufe. Ni ina tsaye bakin ƙofa da takunkumi a fuska, don asibitocin can ba su daina sawa ba. Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. Ta tambayi Jasim yaya aka yi aka hau dutse da mai ciwon suga ba ko ƙwayar dabino.

Jasim ya kalli ƙasa ya ce, "Jakar a wurin direba take."

Ba ƙarya ya yi ba, a bayana take. Mama ta juyo.

"Isiyaku, shekara shida. Abu ɗaya na ɗora maka a tafiyar nan. Ina dabinon?"

In na faɗi gaskiya, na tona ɗa a gaban uwarsa, kuma direban da ya yi haka ba ya daɗewa a gida ko da shi ne mai gaskiya. In na yi shiru, na amsa laifin da ya kusa kashe mutum. Na tuna matata da yarana a Tudun Wada, da mahaifiyata da ake saya wa magani duk wata. Na yi shiru.

Ta ce, "Khalas, shi ke nan. In mun koma Doha ka haɗa kayanka."

Sai muka ji murya daga gado, a hankali, ido a rufe.

"Ni na cire su."

Mama ta matsa kusa. "Me ka ce?"

"Na ce ni na cire su, na bar su a mota. Na gaji a riƙa bina da dabino kamar jariri. Isiyaku bai sani ba." Ya buɗe ido ya kalli Jasim, kallo mai tsawo, sannan ya mayar kan matarsa. "Mutumin nan ya sauko da ni daga dutse a bayansa. In za a kori wani, a fara da ni."

Mama ta hau shi da faɗa, irin faɗan matar da ta tsorata, tana kuka tana gyara masa filo. Jasim ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Har yau bai ce mini komai ba a kan maganar, ni ma ban ce masa ba.

Ni kaɗai na mayar da karafan Munich, na zubar da akwatin banɗaki karo na ƙarshe, na nuna wa mai haya madubinsa. Bayan kwana huɗu muka hau jirgi. A filin jirgin Hamad aka tarbe mu da tutocin ƙasashe da hotunan 'yan ƙwallo, aka ce kowa ya je a zura masa tsinke a hanci kafin ya shiga jama'a.

Mako guda da dawowarmu zan kai Baba wani asibiti a Al-Sadd a duba hannun. Na fito da mota, na buɗe masa ƙofar baya inda yake zama tun ranar da na fara aiki. Ya wuce ni ya buɗe ta gaba da hannunsa mai lafiya, ya zauna kusa da kujerata. Muka kama hanya, muka shiga cunkoso wajen wani titi da ake sake wa kwalta. Ya daɗe yana kallon ma'aikatan da ke cikin rana.

Can ya ce, "Ɗana ne, Isiyaku."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai. Motar gabanmu ta matsa, na matsa.

"Jiya ya zo mini da hoton wata ƙasa wai Norwe," ya ce. "Wai baɗi. Karafan ta fi waccan girma."

Na ƙara riƙe sitiyari, ya ci gaba.

"Na gaya masa baɗi ni da kai duk muna da ciwon baya. Yalla, ga hanya ta buɗe."